Sabuwar Wayar Inna

Jiya da hantsi na shiga gidanmu a Ƙofar Marusa, na tarar da mahaifiyata zaune kusa da soket tana gadin sabuwar wayar da na sayo mata.

Na ce, "Inna, har yanzu ba ki kunna ba?"

Ta ce, "Maƙwabciyata ta ce sai ta wuni ta kwana a caji, in ba haka ba batirin ba zai yi ƙarko ba."

Na ce wannan zancen wayoyin da ne, na yanzu da sun cika cirewa ake yi. Ta ce in ƙyale ta.

Ana haka sai mijin ƙanwata ya kira ni ta bidiyo daga Kaduna, ya ce ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Na miƙa wa Inna wayata.

Ta ture hannuna ta ce, "Ba da wayar aro zan fara ganin jikata ba."

Da kanta ta zare cajar ta ce in kunna mata. Tana ganin jaririyar ta hau dariya har da ƙwalla, tana ta sa albarka.

Na daɗe ban ga Inna cikin farin ciki haka ba. Ku fa, wace doka iyayenku suka kafa wa sabuwar waya?