Maƙogwarona da Takalman Hajiya

Lawban, wato mai shagon, ya danna farashi a kalkuleta ya miƙo mini. Na buɗe baki zan ce ya yi yawa, sai wani sauti ya fito irin na ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Na rufe bakin. Na tsaya ina kallonsa, idona ya ciko da ƙwalla saboda yawun da na haɗiye ya wuce kamar reza.

Mutumin ya kalle ni, ya kalli Hajiya, ya ja kalkuletarsa ya rage.

A kasuwar Zhanxi Lu muke, shagon takalman mata. Hajiya 'yar kasuwa ce daga Kano, duk zuwanta Guangzhou ni nake mata tafinta tun ina ɗaliba. Jarina ke nan, baki. In babu baki babu ni, kuma masu tafinta a garin nan sun fi tasi yawa. Da safen ma sai da ta yi mini tuni, wai akwai wata 'yar Maraɗi mai jin Sinanci har da Faransanci, kuma ba a taɓa jin ta kwanta ciwo ba.

Na ci gaba da shiru tunda ba ni da zaɓi. Lawban ya dafe kai yana meyo, meyo, wato babu, wai babu riba, ya sake ragewa. Hajiya ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Muna fitowa ta fashe da dariya har gyalenta na zamewa, ta ce shekara da shekaru ina cika mata kunne da yaren mutane, ashe shiruna ya fi aiki.

"Don Allah 'yar nan, kada ki warke sai mun gama sayayya."

Magani kuwa na riga na sha. Hajiya ba ta tafiya sai da wata jaka mai zif, kemis ce sukutum. Tun ranar da zazzaɓi ya fara ta ciro mini wanda take ji da shi, azitromaisin. Ta ce sabon yayi ne, ba irin kafson zamanin iyayenmu ba. Na shanye, ciwo ko gezau. Haka muka yi ta yawo daga Zhanxi zuwa Liwan, tana nuna kaya, ina zare ido, farashi na sauka. Wani mai jakunkuna har shayi ya miƙo mini da hannu biyu, shayin da ba zan iya haɗiyewa ba.

Ranar da ruwa ma ya gagara na sulale asibiti. Likitar wata siririya ce mai saurin magana. Ta leƙa maƙogwarona, ta goga mini wata auduga da ke kan tsinke, ta ce in dawo. Da na koma ta ce ƙwayar cuta ce, istireptokokas, kuma a gwajin da suka yi, maganin Hajiya ko kallo bai ishe ta ba. Ta tambayi sana'ata, na rubuta mata a waya. Sai ta ce to ai zan gane. In aka kawo samfurin takalmi ɗaya kasuwa, ba kafin ka juya kowane shago yana da irinsa ba? Haka su ma. In ɗaya ta samu dabarar kauce wa magani a cikin ƙwayoyin gadonta, tana iya miƙa wa maƙwabciya ta kwafa, ba sai ita ta haife ta ba. A nan an sha irin wannan maganin da yawa, har yawancinsu sun kwafe.

Dariya ta taso mini, wuya ya hana. Wato akwai ƙaramar Zhanxi Lu a maƙogwarona, ana ta fitar da kwafi babu ranar hutu.

Abin da ya ƙarasa ni, maganin da ta rubuta dangin fenisilin ne, tsohon yayin da Hajiya ta raina. Wai shi har yau wannan ƙwayar ba ta gano lagonsa ba. Ta ja mini kunne in shanye duka ko na ji sauƙi, don in aka bar ciwon yana iya taɓa zuciya ko ƙoda, kuma kada in ba kowa ko ɗaya.

Murya ta dawo da wuri, na ɓoye abata. A shago ina shiru ina zare ido, muna shiga lif in yi ta zuba kamar rediyo. Hajiya ta daina zancen 'yar Maraɗi.

Ranar da ake loda kayanta zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu, muna zaune a sito, na ga ta ajiye shayi tana shafa wuya. Ta miƙo hannu ko kallona ba ta yi ba, ta ce in ba ta biyu daga nawa tunda ni na warke.

Kafson na cikin jakata. Matar nan ita ta fara ba ni aiki, ita take kawo mini kilishi da daddawa. A gidanmu kuma ba a hana babba abin da ke hannunka. 'Yar Maraɗi ta faɗo mini a rai. Na gwada makamina, na yi shiru na zuba mata ido.

"Ni ba lawban ba ce. Miƙo."

Na ce, "Hajiya, meyo. Amma akwai mota, akwai likita, kuma yau tafinta kyauta ne."

Tun daga sito har ƙofar asibiti marowaciya take kirana. Da aka sa mata audugar nan ta damƙe hannuna kamar zan gudu. Daga baya likita ta rubuta mata irin nawa, katinta daban. Hajiya ta jujjuya maganin ta ce wannan ai shi ake talla a faranti a tasha. Ta dai sha.

A filin jirgi ta ce zuwa na gaba ma ni ce, kada in kuskura in karɓi wani aiki. Sai dai ta riga ta gaya wa ƙawayenta kaf cewa na hana ta ƙwaya biyu a ƙasar mutane. Maganar ta kai kunnen mahaifiyata, ta aiko mini da saƙon murya mai tsawon huɗuba, har yanzu ban buɗe ba.

Ku da kuke da hajiyoyi masu jakar magani, in taku ce ta miƙo hannu, me za ku ce mata?