Toshewar Bayan Gida Ta Raba Ni da Mahaifiyata

A farkon shekarun casa'in ni malamar firamare ce a Kafanchan, ban daɗe da aure ba, mijina kuwa ma'aikacin gwamnati ne. Mun kama hayar ɗaki biyu da falo, kuma abin da ya fi kumbura min kai a gidan shi ne bayan gida na zamani, irin na zama, farin tangaran mai tankin ruwa a samansa. Ni da na tashi a gindin dutsen Kagoro ina shiga masan rami, sai na ga kamar na tsere wa dangina. Duk baƙon da ya zo sai na san dabarar da na yi ya leƙa. Abin kunyar shi ne famfo kan yi mako bai kawo ruwa ba, tankin a bushe yake, da bokiti muke kora ƙazanta. Ni kuma ga ni da tsimin ruwa, ɗan kwano ɗaya nake watsawa in ce ya wadatar.

Da na haifi ɗana na fari, mahaifiyata ta zo daga ƙauye don ta kula da ni. Ita ke yi min wanka da ruwan zafi, ita ke dama kunu, ita ke goya jaririn in samu in runtsa. Ana cikin haka sai bayan gidan ya fara ba mu wahala. In an zuba ruwa sai ya taso har baki, ya daɗe kafin ya sauka, ga wari yana shigowa falo. Mijina ya ja ni gefe ya ce ai ba sai an faɗa ba, mutanen ƙauye da totuwar masara suke tsarki, Mama ce ke jefawa a ciki. Ban tambaye ta ba. Na yarda nan take, domin da ma a raina ina jin kunyar ƙauyancinta.

Ranar wata Lahadi, matan zumuntar majami'armu za su zo barka, sai abin ya yi ambaliya, ƙazanta ta malalo har ƙofar falo. Idona ya rufe. A gaban mijina na tsaya na wanke uwar da ta haife ni tas. Na ce ta zo ta lalata mana gida, na ce in ba ta iya amfani da kayan zamani ba ta tambaya mana, nan ba ƙauye ba ne. Ba ta musa ba, ba ta ɗaga kai ba. Cewa kawai ta yi a yi haƙuri, ta ɗauki tsintsiya da tsumma ta durƙusa ta kwashe komai kafin baƙi su iso. Da gari ya waye ta ɗaure kayanta a ɗankwali, ta ce gonar citta na jiranta, ta shiga mota.

Bayan tafiyarta muka kira mai gyaran famfo. Ya fara danna robar nan mai sanda a bakin ramin, ba ta yi ba, sai ya zaga baya ya ɗaga murfin siminti da ke kan bututun, ya zura dogon ƙarfe. Abin da ya zaro dunƙulen tsohuwar jarida ne, wadda mijina ke yaga yana amfani da ita, sai nafkin ɗin jariri guda da ya suɓuce min ina ɗauraye shi a ciki, na yi shiru ina zaton ya wuce. Ko totuwa ɗaya babu. Mijina ya yi dariya ya ce to ai an gano, a bar zancen. Har yau wannan dariyar na ci min rai, don bai taɓa buɗe baki ya ba ta haƙuri ba.

Sauran labarin a bakin maƙwabciyarmu na ji, wata Hajiya mai sayar da hatsi a kasuwa. Ta tare ni tana tambayar ina tsohuwa, ta ce ta yi kewarta, tun da kullum da sassafe Mama kan shigo gidanta ta roƙi arzikin shiga masai. Mama ta gaya mata cewa a tarbiyyarsu suruka ba ta zama inda surukinta ke zama, don haka tun zuwanta ba ta taɓa taka bayan gidanmu ba. Sai a lokacin na gane shirunta. Kafin ta wanke kanta dole ta yi zancen bayan gida a gaban mijin 'yarta, ita kuwa gara ta haɗiye sharrin.

Na je Kagoro na durƙusa na yi kuka, ta ce ta yafe, tsakanin uwa da 'ya ai babu komai. Amma ba ta sake kwana a gidana ba. In ta zo ganin jikokinta takan zauna a bakin kujera, in na kawo ruwa ta ce ba ta jin ƙishi, in na kawo tuwo ta ce ta ƙoshi, kafin la'asar ta kama hanya. Na daɗe ban fahimta ba, ashe gudu take yi kada cikinta ya matsa mata a gidana. Haka muka yi ta yi har Ubangiji ya ɗauke ta.

Yanzu na san abin da ban sani ba da. Irin wannan bayan gida cikakken bokiti yake so a zuba masa gaba ɗaya, ba ya ɗaukar jarida ko tsumma, kuma in ruwa ya fara jinkirin sauka, a danna roba ko a buɗe murfin baya tun abin bai yi nisa ba. Gyaran namu bai ci mai gyara rabin yini ba. 'Yan'uwana mata, musamman mu da muka ɗan yi boko, in abu ya lalace a gida ku fara binciken bututu kafin ku ɗora wa mutum, kuma kada ku ɗauka shirun tsoho amsa laifi ne. Ni dai na tara 'ya'ya, na gina gidan kaina, amma uwata ta bar duniya ba ta ƙara shan ruwan gidana ba.