Bitamin ɗin Hamisu da muka shanye

Shekara shida ke nan cif da muka binne Hamisu a nan Doha. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, na girme shi da shekara tara. Ni na riga shi zuwa, ina aikin gadi a filin jirgin sama, shi kuma karatun digiri na biyu ya kawo shi. Duk shekara idan wannan wata ya kama, nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana dai na ga shirun ya isa haka.

Tun yana ƙarami da tari aka san shi. A Gumel an yi masa maganin asma, an yi na tarin fuka har sau biyu, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Ga ci kamar gara, ga jiki kamar sillen kara. Gwaggo takan ce yaron nan gishiri gare shi, don duk hular da ya sa sai ta yi farin zobe. Da ya iso nan, hoton ƙirjin da ake yi wa kowane baƙo bai yi wa likitoci daɗi ba, suka yi ta gwaje-gwaje har suka kai ga gwada guminsa. A nan ciwon ya sami suna: sistik faiburosis. Gadonsa ake yi ta wajen uwa da uba duka. Majina ce mai kauri take cushe huhu, ta kuma toshe hanyar ruwan da ke narkar da maiƙo a ciki. Duk maiƙon da ya ci wucewa yake yi, ya tafi da bitamin ɗin da jiki ba ya iya ɗauka sai tare da maiƙo.

Bai daɗe a ɗakin ɗalibai ba ya kwaso kayansa ya dawo wurinmu a unguwar Fereej Abdel Aziz, wai ya gaji da shinkafar Larabawa, tuwo yake so. Mu shida ne a ɗakin. Magungunansa leda guda ne: na haɗiya da kowane abinci, na kashe ƙwayoyin cuta, da injin da yake shaƙar tururi safe da yamma. Akwai kuma wata farar kwalba. Na tambaye shi, ya ce bitamin ne.

Na ce, "Yo bitamin ai ba magani ba ne, ƙarin kuzari ne. Kai kana zaune gaban kwamfuta, ni ina tsaye awa goma sha biyu. Wa ya fi buƙata?"

Na zazzago biyu na watsa a baki. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, an gama da hulunana, an dawo kan magani?"

Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san wasan taubasai. Ka ɗauki abin ɗan'uwanka a gabansa, in ya ɓata rai shi za a yi wa dariya. Ga kuma halinmu na magani: in ya yi wa mutum ɗaya daɗi, sai ya zaga gida. Na ba Sale direba, abokin ɗakinmu, Sale ya ba na kusa da shi. Kwalbar wata guda ba ta yin mako. Hamisu bai taɓa ɓoye ta ba, bai kuma taɓa cewa uffan ba. Haka muka yi kusan wata biyar.

Ni ɗan wanzamai ne, kuma ban bar sana'ar a gida ba. Ranar Juma'ar da ba ni da aiki nakan yi wa 'yan'uwa ƙaho da kofunan roba da na sayo a kasuwar Asian Town. Wata Juma'a da hantsi Hamisu ya ce bayansa na ciwo, ya nuna mini wasu tabbai masu duhu a cinyarsa, alhali bai bugu da komai ba. Na duba da idon gwani na ce mataccen jini ne ya yi masa yawa. Na kafa masa kofi shida, na tsaga kamar yadda na saba.

Tsagar ƙaho ba ta wuce minti kaɗan ta tsaya. Tasa har aka sauko daga masallaci tana tsatsafowa. Mun jiƙa tawul uku, ni kuwa ina ta cewa, "Ka gani? Dattin ne ke fita." Sale ne ya ɗauko makullin mota ya ce, "Wanzam, khalas, ya isa haka, wannan ba datti ba ne. Yalla, mu tafi asibiti."

Likitar da ta duba shi ta ce jininsa ba ya daskarewa saboda bitamin K ya yi ƙasa ƙwarai. Ta ce cikinsa ba ya ɗaukar na abinci, maganin kashe ƙwayoyin cutar da yake sha kuma yana kashe har ƙwayoyin hanji masu samar da ɗan kaɗan, shi ya sa aka ba shi kwalbar. Sannan ta tambaye shi ko yana sha kullum. Ina tsaye a bakin gado, riƙe da takalmansa. Ya ɗan dube ni, ya ce mata mantawa yake yi. Ta yi masa faɗa sosai, irin wanda ake yi wa mai ilimin da ya yi sakaci, ya sunkuyar da kai ya karɓa. Aka yi masa allura, bayan kwana biyu aka sallame shi. Har ya koma ga Allah bai tayar mini da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Ya ƙara shekara biyu a duniya. Huhun ne ya tafi da shi, kamar yadda aka yi tsammani. Kafin nan tari ya taɓa tsaga masa haƙarƙari, aka ce ƙashinsa ba ƙwari, kuma wannan bitamin yana da hannu a ginin ƙashi. Ko watanni biyar ɗin nan sun rage masa wani abu, ban sani ba. Ban sami ƙarfin halin tambayar kowane likita ba.

Da Hamisu zai leƙo yau, zai ji an fito da magungunan da ke taɓa tushen ciwon, ko da yake ba kowane mai ciwon suke yi wa aiki ba. Zai ji kuma har yanzu likitoci ba su gama daidaita baki kan yawan bitamin K da ya kamata a ba irinsu ba. Na san abin da zai ce: su je su tambayi Yaya, shi ya san biyu ake sha. Sale ya koma gida, ɗakin nan ma an rushe shi. Ina nan ina ƙaho, sai dai ba na kafa kofi sai na tambayi mutum abin da yake sha da abin da ya daina sha.

Abin da ya bari shi ne Rabi, ƙanwarsa. Shi ya nace a gwada ta, aka tarar ciwonsu ɗaya. Tun bayan rasuwarsa ni nake aika mata irin farar kwalbar nan. Da na je gida hutu bana, na ga kwalbar saura rabi, alhali ba a yi mako da buɗe ta ba. Gwaggo ta ce maƙwabciya ce ta haihu, jikinta ba ƙarfi, shi ya sa ita Gwaggon ta ɗibar mata. Rabi na zaune a gefe tana tsince shinkafa, ba ta ce komai ba. Shirun yayanta sak. Tsoro ya kama ni, wallahi.

Na durƙusa gaban Gwaggo na faɗa mata duka: kwalbar, tawul uku, da ƙaryar da ɗanta ya yi wa likita don ya rufa mini asiri. Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Cewa ta yi, "Kai ka shanye masa? To, ya yi maka amfani?"

Na ce, "A'a, Gwaggo."

Matar nan tunda nake ban taɓa ganin ta ba da abu ta waiwaye shi ba. Ta miƙe ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta. Da ta dawo, ƙwayoyin na ƙulle a bakin zanenta. Ta kwance ta mayar da su cikin kwalbar ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa Rabi, ta ce, "Ko ni na roƙa, ki hana ni."