Allon Bazarar Auta

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai ga Mai Fenti ba a bazarar da 'yarsa ta rataye allo a barandarta.

Tun yana saurayi yake rubuta alluna. Almakashin da ke saman shagon aski shi ya zana, haka kifin nan na ƙofar mai kayan sanyi wanda yara ke tsayawa kallo. Shagonsa ɗan ƙarami ne, warin fenti da kananzir ya kama bango, buroshi a jere cikin gwangwani daga babba zuwa ƙarami, kuma ba mai taɓa masa su. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya maza da suka watsu neman abinci, da mace ɗaya, Auta, wadda ta yi aure a ƙarshen layinsu. Ita ce sanyin idonsa, ko da yake bai taɓa iya buɗe baki ya faɗa mata ba.

Da zafi ya kankama, Auta ta share barandarta, ta jera tukwanen furanni, ta fara sayar da ƙanƙara. Wata safiya Mai Fenti ya zo wucewa, sai ga allo yana lilo a jikin igiya. Tsohuwar ƙofar kabad ce. An zana rana mai rawaya, marafan kwalba ne haskenta, a ƙasa an rubuta "Barka da Bazara", haruffan suna gangarawa kamar za su zube. A kan benci kuwa ga ƙaninsa, mai gyaran keke, fenti har gwiwar hannu, yana washe baki.

"Baba, ka ga aikinmu?" in ji Auta. "Ni da Baba Ƙarami muka yi. Ko ƙusa ba mu saya ba."

"Yaya, na gaje ka ko da saura?" in ji ƙanin.

"Da kyau," in ji Mai Fenti, ya wuce.

Kishi ne ya turnuƙe shi, ba wani suna da za a ba abin. Yana da rai, yana da shago, a ce 'yar cikinsa ta tsallake shi ta je wurin mai liƙa tayoyi? Kuma kallo ɗaya ya yi ya gano kuskuren. Sun shafa fenti a kan katako mai sheƙi ba su goge shi da samfefa, takardar goge katako, ba, rana na dukansa zai kumbura ya ɓare. Kalma ɗaya ta isa ta gyara, amma ya haɗiye ta. A ransa ya ce bari ya ɓare, ta san inda ubanta yake.

Ya koma shago ya zaɓi katako mai kyau, ya goge, ya fara shafa farin fenti, ya zana rana da kankana da haruffa tsaye kamar sojoji. Ya jingine allon yana jira. Kullum sai ya ƙirƙiri dalilin bi ta ƙarshen layi, kuma duk lokacin da ya ji maƙwabta na yaba allon Auta, abincin ranar ba ya masa daɗi.

Fentin kuwa ya ɓare. Ya yi ta sauraron sallamarta, shiru. Da haƙurinsa ya ƙare, ya saɓa nasa allon ya tafi da kansa. Ya tarar sun sauke ƙofar kabad ɗin, suna kankare ta da cokali suna dariya.

Auta ta dubi abin da ya kawo, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, ashe ka san zai ɓare."

"Na sani."

"Shi ne ba ka faɗa min ba?"

"Kin tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai. "Da na tambaye ka, karɓa za ka yi ka yi min. Ni kuwa so nake in yi da hannuna. Baba Ƙarami bai iya komai ba, amma ya bar min buroshin."

"Kai, 'yar nan, a gaban idona?" in ji ƙanin, yana dariya.

Mai Fenti bai yi dariya ba, maganar ta soke shi. Ya juya fuskar allonsa ga bango, ya laluba aljihu ya fito da guntun samfefa, ya miƙa mata. Ya zauna a bakin benci ya riƙe mata katakon. Ta goge, ta fara zana rana, da'irar ta karkace. Yatsunsa suka yi ta ƙaiƙayi, ya matse su.

Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Baba, miƙo min rawaya."

Su biyun suka kai hannu tare. Ƙanin ya fi kusa da gwangwanin, shi ya miƙa mata.