Kwaɓin Juliana a Bikin 'Yan Hangari

Rubuta yadda na faɗa, Hansai, kada ki gyara mini magana.

Juliana Kambai 'yar Kagoro ce. Lokacin da kuɗin fetur ya buɗe gwamnati ta turo ta Landan karatun nas, ta gama, ta auri wani mai gyaran agogo a unguwar Woolwich, Kalman, ɗan ƙasar Hangari. Shi da uwarsa Etelka gudun yaƙi suka yi tun yana saurayi.

To duk shekara 'yan Hangari na yin bikinsu a zauren wani coci, da goge da rawa da riguna masu aiki ja da kore. Kowane gida da teburinsa. Teburin gaba kuwa na Etelka ne, shekara goma sha shida, saboda wani abinci nasu, retesh. Kwaɓin fulawa ne ake ja a kan tebur a gaban jama'a, har sai ya yi sirantar da za a ga zanen ƙyallen da ke ƙasa, sannan a zuba tuffa a naɗe. In ya yage, an ji kunya.

Wata shekara, sanyin ƙashi ya kama yatsun tsohuwa, ko cokali da ƙyar take riƙewa. Matan kwamiti suka ce in gidan ba mai ja, tebur ya koma wa wata Piroshka, wadda ta daɗe tana hararar wurin. Etelka ta daina cin abinci.

Juliana ta ce, "Mama, ni zan ja."

Tsohuwa ta dube ta. "Ke? Hannun allura?"

Sati uku Juliana na dawowa daga asibiti tana gwadawa a gidansu. Sau tara ta ja, sau tara ya yage.

Ranar biki zaure ya cika. Juliana ta cire zobe, ta barbaɗa gari a ƙyalle, ta ajiye kwaɓin a tsakiya. Masu goge suka tsayar da kiɗa. Ita kaɗai ce baƙar fata a wajen, tana jin idanu a ƙeyarta. Ta sa bayan hannuwa a ƙasan kwaɓin, don yatsu huda shi suke yi, ta fara zagaya tebur.

Piroshka ta matso, ta ce da Turanci don kowa ya ji, "A ƙasarku ma kuna da fulawa?"

"Muna da ita," in ji Juliana. "Matsa, kina tare mini haske."

Aka ɗan yi dariya. Kwaɓi ya kai gefe ɗaya, ya kai na biyu. Furannin ƙyalle suka fara bayyana. Gumi na shiga mata ido, ba halin sharewa. Kalman ya kasa kallo, ya juya yana duba agogon bango. Saura kusurwa ɗaya, wadda kullum nan kwaɓin ke ba Juliana kunya. Ta riƙe numfashi, ta ja a hankali.

Ya yage. Kamar tsawon ɗan yatsa, dab da baki.

Wata mata ta ce, "Ayya." Piroshka ta buɗe baki za ta yi magana. Sai ga tsohuwa ta taso daga kujera, ta damƙe wuƙa da hannu biyu, ta bi gefen tebur tana yanke bakin kwaɓin, har da wurin da ya yage, ta watsa a kwano.

"Baki ai yarwa ake yi, Piroshka, ko uwarki ba ta koya miki ba?" Ta juyo kan Juliana. "Me kike tsaye? Man shanu, maza, zai bushe!"

Juliana ta yayyafa mai, ta zuba tuffa da kirfa, suka kama ƙyallen tare suka naɗe. Shugabar kwamiti ta ɗanɗana bayan an gasa, ta ce tebur na nan inda yake.

A bas, hanyar gida, Etelka ta ce tsakiyar ta yi kauri, baɗi sai a fara gwaji da wuri. Juliana kuwa barci ya riga ya ɗauke ta.