Sista Ummusalma, Wadda Ta Bi Hajara Har Gida

Kowace safiya Sista Ummusalma kan fito daga Ƙofar Sauri, ta isa ɗakin yara na asibiti kafin masu shara su gama. Ba ta fara duba takarda. Gado-gado take bi, tana buɗe idon kowane yaro da yatsa, tana tambayar uwaye kalar fitsari da ta kashi. Wannan watan take ajiye aiki, kuma na san babu mai shirya mata walima, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na san ta ne a shekarar da soja suka miƙa mulki. Gari ya cika da fastoci da alkawura, asibiti kuwa ko safar hannu sai ka sayo. A lokacin ne idon Hajara, 'yar yayana Sammani, mai shekara biyar, ya koma rawaya. Muka ce ciwon shawara ne. Aka jiƙa saiwa, wanzami ya yi mata tsaga a ciki, wata ya bi wata. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita muka kai ta asibiti.

Sista ta ga kashin yarinyar fari fat, ta taɓa wani ƙullutu a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ta kira likita. Hoton ciki ya nuna abin da ba kasafai ake gani ba: bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji ya kumbura kamar ƙwan agwagwa, kuma da shi aka haife ta. Likita ya ce sai an yanke shi a Zariya an haɗa hanyar da hanji, amma a fara allurai zazzaɓin ya sauka.

Nan muka gamu da abin da kowa ya taso yana ji, wai shawara ba ta son allura. Kakar yarinyar, Gwaggo Hauwa'u, ta tare gado. "Ba mai soka mata ƙarhe ina raye," in ji ta. Ta goya jikarta ta koma gida Ƙofar Durbi, mu maza muna kallo kamar gumaka.

Da wata ma'aikaciyar ce, da ta ce ta fita haƙƙinsu. Ke kuwa, Sista, kina tashi aiki kika biyo su har gida, kika sake dawowa, kika sake. Ba ki taɓa ce wa tsohuwa jahila ba. Ina tsakar gida ranar da kika nuna mata rariyar da ta toshe.

"Gwaggo, in wannan ta cushe, mi kuke yi?"

"A sa hannu a buɗe mana."

"To haka cikin ɗiyar nan yake. Jiƙo ba ya buɗe ta."

Tsohuwa ta dubi rariyar, ta ce, "Ku tahi da ita."

An yi allurai, an yi aikin. Amma mun makara, hantar ta riga ta lalace. Hajara ta rasu kafin damina ta ɗauke, kuma har yau in na tuna ƙananan hannuwanta da ta sosa har suka yi jini, zuciyata ƙuna take.

Unguwa ta samu abin faɗi: allura ta kashe ta. Duk da haka Sista ta zo gaisuwa. Matata ta ba ni labarin yadda mata suka kawar da kai, wata har ta janye tabarma. Sista ta durƙusa ta yi ta'aziyya, ba ta kare kanta da kalma ɗaya ba. Gwaggo Hauwa'u ce ta ɗaga murya. "Ku bar baiwar Allah. Ba allura ba ce. Ni na riƙe yarinyar nan har lokaci ya ƙure."

Ummusalma, uwar marasa lafiya, ba ki ceci Hajara ba, kuma ba za mu yi miki ƙaryar yabo ba. Amma ke kaɗai kika yi yaƙin ranta tun da sauran lokaci, kika sha zagi a kan laifinmu. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Ma'aikatan da ke tasowa, ku koyi bin mara lafiya har ƙofar gidansa. Mu kuma iyaye, in idon yaro ya yi rawaya, kashinsa ya yi fari, a kai shi a duba tun yana iya tafiya da ƙafarsa. Mu a goye muka kai tamu.