Murja, Wadda Ta Hana 'Yan Kasuwar Sabo Yi Mata Kara

Malama Murja Uwaisu ta ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, ta bar Sabo, unguwar Hausawa, cikin jerin wuraren da ake ɗaukar farashin kayan masarufi a Ibadan. An taɓa kusan cire unguwar daga wannan jeri. Abin da ya hana shi ne wata rigima da Murja ta yi da mutanenta na Sabo, kuma har yau akwai matan da ba su gama huce mata ba.

Haifaffiyar Sabo ce. Mahaifinta, marigayi Uwaisu, hatsi yake sayarwa a unguwar. Ita kuma ta yi fiye da shekara ashirin da biyar tana ɗaukar farashi wa ofishin ƙididdiga. Kowane wata, a makon da ofis ya ware, takan fito da hantsi da jaka a kafaɗa, cikinta akwai ƙaramin sikeli. Takan fara da layin masu hatsi, ta bi ta wajen mahauta, masu manja da man gyaɗa, masu tumatir da tattasai. Daga nan ta leƙa kyamis, ta tsaya wajen mai cika gas, ta tambayi masu keke mai ƙafa uku da masu okada, wato 'yan acaɓa, nawa ake zuwa unguwar Mokola. Da Hausa take magana a wannan rumfa, da Yarabanci a ta gaba. Ba ta sayen komai a ranar aiki. Yara a unguwar Mai Sikeli suke kiranta.

Duk wata idan rediyo ya ce hauhawar farashi ta kai kashi kaza, daga irin wannan yawo lissafin ya faro. Ana zaɓar abubuwan da gida ke kashe kuɗi a kansu, kamar abinci, haya, kuɗin mota, magani, tufafi, makaranta da makamashin girki. Kowanne ana ba shi nauyi daidai da rabon da yake ci a aljihun magidanci, shi ya sa tashin shinkafa ya fi tashin man takalmi motsa lissafin. Sai a ɗauki wani lokaci a matsayin mafari, a ce farashinsa ɗari ne. Idan daga baya ma'aunin ya nuna ɗari da talatin, to abin da ɗari ta saya wa gida a da, yanzu sai da ɗari da talatin. Sharaɗin shi ne a riƙa duba kaya iri ɗaya, da awo ɗaya, a wuri ɗaya, wata bayan wata. In wani abu ya canza ba a lura ba, lissafin ya lalace.

A Sabo ba a manna farashi a jikin kaya, kuma abin da mai kaya ya fara faɗa ba shi ne farashi ba. Don haka Murja ba ta dogara da tambaya. Takan tsaya gefe har mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja, a sallama. Abin da aka biya shi take rubutawa. Sannan ta roƙi mai sayen ya bari ta ɗora kayan a sikeli, domin kongo, kwanon awon da ake amfani da shi a Ibadan, ba duka ne girmansu ɗaya ba, kuma kashin tumatir kan rame alhali kuɗinsa na nan yadda yake. Da wannan tsari ta yi shekaru babu wanda ya yi ƙorafi da aikinta.

Matsalar ta taso ne bayan cire tallafin man fetur, lokacin da kaya suka riƙa tashi kusan kowane mako. Shugabar sashensu a ofis, wata Bayarabiya mai bin diddigi, ta lura cewa farashin Sabo na tafiya a hankali, na Mokola da ke maƙwabtaka da ita kuwa na gudu. Ta kira Murja ta ce ko dai alƙaluman ba daidai ba ne, ko kuma rumfunan Sabo sun daina nuna abin da mutane ke biya a gari. Ko wanne ne, za a maye gurbinsu da wasu rumfuna a wata unguwa. Murja ta kare alƙalumanta. Ta ce hatsin Sabo kai tsaye yake saukowa daga Arewa, babu hannaye da yawa a tsakani, kuma duk abin da ta rubuta a gabanta aka biya shi.

Gaskiya ta faɗa, a gabanta aka biya. Abin da ba ta sani ba shi ne tsayuwarta a wajen ce ke sauke farashin.

A wajen wani suna ta gano. Mata suka riƙa zuwa suna yi mata godiya, ita kuma ba ta san ta mece ce ba. Azumi ce ta warware mata. Azumi 'yar kawunta ce, wato abokiyar wasanta, ta girme ta da 'yan shekaru, kuma tana sayar wa 'yan dako da 'yan talla tuwo da shinkafa. A gaban jama'a ta ce mata:

"Ke dai ki riƙa fitowa kullum, 'yar ofis. Albashinki bai taɓa amfanar kowa ba, amma tsayuwarki a bakin rumfa tana rage mana kuɗin cefane."

Aka yi dariya, Murja ba ta yi ba. Ta ja Azumi gefe ta yi mata tambayoyi. Ashe tun da tsada ta yi tsanani, 'yan kasuwa suke sassautawa idan tana tsaye. Su sallama da wuri, su cika kongo har ya yi tudu, su ƙara gyara. Azumi ce ta fara lura, ta faɗa wa maƙwabciyarta, magana ta bazu. Duk ranar da aka ga Murja ta fito da jaka sai waya ta fara zagaye gidaje cewa sikeli ya fito, mata su ɗauko jakunkunan cefane su biyo ta a baya. Masu sayen da take ta rubuta cinikinsu, yawancinsu dominta suka fito.

Washegari ta je ofis ta faɗa wa shugabarta da bakinta cewa alƙaluman Sabo na watannin baya sun yi ƙasa da gaskiya, ta kuma faɗi dalili. Ta nemi a ba ta lokaci ta gyara kafin a yanke hukunci. Aka ba ta 'yan watanni.

Wajen Alhaji Dabo ta fara zuwa. Shi ne babba a layin masu hatsi, kuma rumfarsa na jikin wadda mahaifinta ya zauna a da. Bai musa ba. Ya ce wasu tsoro ne ya sa su, don sun ɗauka rubutun nata zai kai ga masu haraji, ko a ce su ne ke tsawwala wa talaka. Nasa dalilin daban ne. Ga yadda ya maimaita min abin da ya ce mata:

"'Yar Uwaisu, kina tsaye kina kallona, ga mace ta zo da goyo, ta yaya zan buɗe baki in faɗi kuɗin da ni kaina nake jin kunyarsa? Kara muke yi miki, ke da mahaifinki."

"Na gode, Baba," in ji ta. "Amma karar nan ta sa takarda ta ce mutanen Sabo na cikin sauƙi. Ku sayar a gabana yadda kuke sayarwa a bayana."

Ta bayyana masa cewa sunan mai rumfa ba ya fita daga ofis, kuma aikinta ba shi da haɗi da haraji. Ya tambaye ta matan da ke samun sauƙi fa, ba ta tausaya musu? Ta ce in zai iya sayarwa haka kullum ya yi, ita kuma za ta rubuta da farin ciki. Dabo ya ce kuɗin motar da ke kawo buhu daga Arewa ba zai bari ba. Ta ce to wannan shi ne abin da ya kamata a sani. Daga ƙarshe ya ce zai yi wa 'yan layin magana bayan la'asar.

Ba a gyaru nan take ba. Rabi'u mahauci, da ya ji cewa alƙaluman na kaiwa sama, sai ya koma ɗaya ɓangaren. Yana ganinta zai ɗaga murya ya faɗi kuɗin kilo fiye da yadda yake sayarwa, wai don gwamnati ta ji a jikinta. Murja ta bar shi ya gama, ta bi wanda ya saya har bakin titi ta tambaye shi abin da ya biya, ta rubuta wannan. Da Rabi'u ya yi mita, ta ce masa ƙarin da ya yi da ragin da masu hatsi suka yi duk abu ɗaya ne a wurinta.

Ta kuma sauya yadda take aiki. Ta daina fitowa a rana ɗaya da aka sani cikin makon. Ta daina farawa daga layin hatsi. Wani lokaci ta bar jakar a gida ta sa sikelin cikin leda. Ta rage tsayuwa a bakin rumfa, ta koma tarar masu saye bayan sun bar wajen, ta gwada abin da suka faɗa da abin da mai kaya ya faɗa. Aikin da take gamawa kafin azahar ya koma cin yini.

Abin ya jawo mata baƙin jini. Ranar sauƙi ta ƙare, kuma a gidaje da dama an ce Murja ce ta sa aka ƙara kuɗin kaya. Wasu mata sun daina amsa gaisuwarta yadda suka saba. Azumi ta daina tsokanarta, wanda a tsakanin abokan wasa ya fi zagi nauyi. Ba da daɗewa ba tsada ta tilasta wa Azumi rage girman malmalar tuwo ba tare da ta ƙara kuɗi ba. Dafaffen abinci na cikin abin da ake ɗaukar farashinsa, kuma wajen Azumi na cikin jerin tun da daɗewa. Murja ta zo ta fito da sikeli.

"Har tuwona za ki auna?" in ji Azumi.

"Shi 'yan dako ke ci, Yaya. In ya rame, sai an rubuta."

Azumi ta ce ta ɗora mata malmalar ne don kada a ce ta ji tsoro, amma ranar ko ruwa ba ta ba ta ba.

Cikin watannin da aka ba ta, alƙaluman Sabo suka dawo suna tafiya tare da na sauran gari, aka kuma janye maganar cire unguwar. Murja ba ta ɗauki wannan a matsayin wata gagarumar nasara ba. Ta shaida min cewa Sabo kaɗai ba za ta motsa alƙaluman ƙasa ba, unguwa ɗaya ce cikin wurare masu yawa. Amma ta ce masu zaman tattauna albashi da masu tsara kasafi da wannan ma'auni suke kafa hujja, kuma ɗan dakon da ya bar iyali a Arewa yana cin tuwon Azumi yana da haƙƙin a lissafa da shi yadda yake, ba yadda kunyar Dabo ta nuna shi ba.

Azumi ta dawo da tsokana, amma ba ta sauya ra'ayi ba. Ta ce rediyo na ta cewa hauhawa ta ragu, ita dai shinkafarta ba ta ji labari ba. Murja ta sha gaya mata cewa raguwar hauhawa na nufin kaya na tashi a hankali fiye da da, ba saukowa suka yi ba. Azumi ta ce ta fahimta sarai, kuma har yanzu ranar sauƙinta ta fi mata amfani. Murja ba ta yi mata gardama a kan wannan ba.

Malama Murja, ke ce kika samu abin da mutane da yawa ke nema, wato a ga fuskarki a sassauta, kika mayar da shi saboda yana ɓata aikin da aka ba ki. Ke ce kika je kika faɗi kuskuren alƙalumanki kafin a kama shi, alhali shirunki zai iya kai ki ritaya lafiya. Kin bar mata suna jin haushinki a layin da kika girma, ba ki je gida-gida kina wanke kanki ba. Mai Sikeli, mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar cin hutunki, Ya jiƙan Uwaisu.

Ga masu irin wannan aiki, da mai auna hatsi, da mai duba jarrabawa, da mai rubuta rahoto, abin koyi a nan shi ne a ƙi kara idan za ta karkatar da awo, ko daga wa ta fito. Ga matasan Sabo masu takardar makaranta da ke jin Hausa da Yarabanci kuwa, ga aiki nan yana neman mai yi. Dabo ya ce 'yan layinsa sun saba da faɗin gaskiya a gaban 'yar Uwaisu, amma ba zai yi rantsuwa a kan abin da za su gaya wa baƙon da ba su sani ba. Wasunsu, in ji shi, ba za su ma amsa masa ba.

Ƙa'idar ofis ita ce rumfar da aka daɗe ba a samu farashi daga gare ta ba, a maye gurbinta da wata. Makon ɗaukar farashi na wannan wata zai fara ranar Litinin. Har zuwa lokacin rubuta wannan, ba a sanar da wanda zai gaji Murja a Sabo ba.